Kwalaben Sa'adu da Aka Zubar a Kwata

Shekara goma sha biyu ke nan da muka kai ƙanena Sa'adu makwancinsa. Uwarmu ɗaya, ubanmu ɗaya, ni ne babba. Duk shekara idan watan nan ya kama nakan tara iyalinsa a gidana da ke unguwar Turaki, mu yi masa addu'a, mu raba abin da ya sawwaƙa, kowa ya kama gabansa. Ban taɓa kawo maganarsa jarida ba. Bana na kawo ta ne saboda wani mutum ya zo ƙofata neman gafara, kuma na fi so mutanen Jalingo su ji amsar da na ba shi daga bakina, kada su tsince ta a teburin mai shayi an riga an zuba mata gishiri.

Ga wanda bai san shi ba, Sa'adu malamin ilimin halittu ne a wata kwaleji a garin nan. Da safe yana koya wa ɗalibai kayan cikin kwaɗo da jijiyoyin ganyen wake, da wannan yake ciyar da gida. Amma zuciyarsa tana ƙarƙashin ƙasa, wajen tururuwa. Ni cinikin magungunan dabbobi ya kai ni ƙasashe. Na zauna Garwa, na zauna Injamena, na yi shekaru a Hartum, na ɗan taɓa Jidda, ban ga wanda ya rarrabe waɗannan halittu kamar Bahaushe ba. Balaraben kasuwa suna ɗaya yake kiransu da shi ya wuce, haka ma Bafaranshe. Mu kuwa muna da cinnaka mai cizo, da kwarkwasa mai tashin gida, da kiyashi ɓarawon sukari, da tururuwa mai jan hatsi. Duk da haka, wadda ƙanena ya ƙarar da ƙuruciyarsa a kanta ba ta da suna a Hausa, ba ta da shi a Fulatanci, domin sai an ga abu ake raɗa masa suna, ita kuwa ba ta fitowa. Masana suna kiran danginta Leptanilla.

Kiyashi ƙato ne a kusa da ita. Tsawonta bai wuce ƙwayar gero ba, kaurinta kamar zaren ɗinki, launinta na man shanu. Ba ta da ido, don inda take zaune babu abin gani. A cikin tsagogin ƙasa take yawo da 'yan'uwanta, abincinsu wani siririn shanshani na cikin ƙasa wanda ya fi su girma nesa ba kusa ba. Sukan taru a kansa su yi ta harbi har ya sandare, sannan su ɗauko 'ya'yansu, waɗanda suke kamar 'yan tsutsotsi, su ɗora a kan naman su ci. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne uwarsu. Sa'adu ya ce a ƙasar Japan aka zuba ido aka gani, ruwan jikin 'ya'yanta take tsotsa ta wata 'yar kafa da Allah ya yi musu a gefe don haka, kuma hakan ba ya kashe su. Da ya gaya mini na ce, "Wannan ai gwamnati ce." Ya yi dariya har ya cire tabarau, ya ce, "A'a Hamma, ita tana barinsu su girma." Hamma yake kirana, wato yaya da Fulatanci.

Dole in ɗan tsaya a kan matsalar da yake son warwarewa, don a gane girman abin da aka ɓata. Mazan wannan dangi ba su yi kama da matansu ba ko kaɗan. Suna da fiffike, suna da idanu, suna tashi sama, har wasu masana sun taɓa shakkar ko tururuwa ne. Su mazan a iska ake kama su. Ma'aikatan gidan kuwa, waɗanda duk mata ne, sai an tona ƙasa, kuma da wuya a dace da su tare. Sai aka wayi gari masana suna riƙe da sunaye kashi biyu, maza da nasu, mata da nasu, ba wanda ya san wane ne na wace. Sa'adu yakan ce, "Ka ɗauka baƙo ya shigo Jalingo, ya ga maza a kasuwar shanu ya ce wata ƙabila ce, ya leƙa cikin gidaje ya ga mata ya ce wata ce daban. To haka muke, mu masu digiri." Burinsa ɗaya ne, ya tabbatar cewa wannan namiji da wannan mace na ƙasarmu iri ɗaya ne.

A ƙauyen Kona da ke gefen gari yake aikin, a gonar doya ta wani dattijo mai suna Baba Yohanna, wanda ya ba shi izinin tona duk inda ya ga dama muddin bai karya masa kunya ba. Yakan haƙa rami iya tsawon hannu, ya zuba ƙasar a bokitin ruwa ya dama, duk abin da ya taso sama ya kwashe da ƙyalle, ya shanya a rariya bisa mazurari. Halittun da ke ciki su gudu ƙasa, su faɗa cikin 'yar kwalba. Mazan kuma ya kafa musu raga kamar gidan sauro a bakin gona, da kwalba a tsininta. Na raka shi sau da dama idan na zo gida. Baba Yohanna yakan dogara da fartanyarsa yana kallonmu, ya ce, "Malam, mutane suna wanke doya, kai kana wanke ƙasa. Wannan abu naka ba ta da ido, ba ta da nama, ba a kai shi kasuwa. Kana nema shi don me?" Sa'adu ya ce, "Allah ya yi ta, Baba, kuma har yau ba wanda ya je ya gaishe ta." Baba Yohanna ya ce, "To idan ka gan ta, ka ce ta biya kuɗin haya."

Kowace kwalba akwai sifirit a ciki, irin wanda ake goga wa mutum kafin a yi masa allura, sai dai wannan ya fi ƙarfi. Idan babu shi, halitta ƙarama kamar wannan nan da nan take bushewa ta zama ƙura. Duk inda ake wannan ilimi a duniya haka ake yi. A Hartum na shiga gidan ajiye halittu na ga macizai da kifaye jere cikin tulunan gilashi, mai kula da su wani dattijo da tabon salla a goshi kamar kwabo, ba wanda ya taɓa yi masa kallo na biyu.

Shekaru ya yi yana samun maza, ma'aikata kuwa sai ɗaya ko biyu jefi-jefi. Wata shekara, lokacin tonon doya, yana bin bayan masu tono yana duba ƙasar da suka juya, sai ga gida guda cur a gabansa: ma'aikata, 'ya'ya a kan gawar shanshani, da uwarsu, ba fiffike, ciki ya kumbura. Ina gari a watan. Ya aiko aka kira ni kamar an yi masa haihuwa, ya zaunar da ni gaban madubin ƙara girma. Na duba na ga wata halitta mai kyau kamar an sassaƙa ta da zuma. Ya ce saura ya sami wanda zai taimake shi a ƙasar waje a gwada ta da mazan da ya tara a gona ɗaya. Kwalaben duka suna cikin akwatunan katako a ɗakin da ke jikin zaurensa, saboda a kwalejin babu kabad mai makulli.

Yanzu zan zo kan mutumin. Ba zan kira sunansa ba, jarida ba za ta buga ba, kuma Turaki ba ta bukata. Mu ce da shi Malam Wane. Sashe ɗaya suke koyarwa da Sa'adu, unguwa ɗaya suke zaune, masallaci ɗaya suke salla, inda Sa'adu ke jan salla idan liman ba ya nan. A shekarar za a naɗa shugaban sashe, su biyu ake magana. Ina Injamena abin ya faru, amma na ji shi daga bakin mutanen da suke wurin, bakinsu kuma ɗaya.

Bayan sallar La'asar, mutane ba su tashi ba, Malam Wane ya gyara murya ya ce, "Allah gafarta Malam, tambaya gare ni. Mutumin da ke ajiye giya a ɗakinsa kwalba-kwalba, ya halatta ya ja mutane salla?" Bai kira suna ba, bai dubi kowa ba. Amma kowa ya san wanda ke zuwa Kona duk ƙarshen mako, kowa ya san ana dafa burkutu a can, kowa ya taɓa jin wani wari a hannun Sa'adu wajen musabaha. Wani daga sahun baya ya ce, "Kwalaben Malam Sa'adu ake nufi?" Limamin wancan lokaci tsoho ne mai tsoron Allah, bai san kimiyya ba, sai ya tambayi wanda yake zaton ya sani. Ya ce, "Malam Wane, kai ma aikinka ne. Abin da ke cikin kwalaben nan giya ne ko ba giya ba?" Ya sunkuyar da kai kamar mai jin nauyi ya ce, "Allah gafarta, ba zan yi wa ɗan'uwana ƙarya ba. Sinadarin da ke sa maye a giya, shi ne a ciki."

Bai yi ƙarya ba, kuma wannan ne ya sa na tsane shi fiye da maƙaryaci. Gaskiyar da aka yanke wa kai da ƙafa ta fi ƙarya dafi. Da hannunsa yake zuba wannan sifirit a kan kwaɗin da yake nuna wa ɗalibai. Ya san mene ne, ya san don me aka ajiye shi, ya san ƙanena ko kunun da ya kwana ba ya sha. Da jahili ne ya yi, da tuni na manta, domin rashin sani ya fi dare duhu. Wannan da fitila a hannu ya tura mutum rami.

Liman ya juya ya ce, "Malam Sa'adu, me ka ce?" A nan tarbiyyar gidanmu ta cuce shi. Mahaifinmu ya rene mu a kan munyal, haƙurin Bafulatani, a kan cewa mutum mai daraja ba ya wanke kansa da bakinsa a bainar jama'a. Na ga mutanen Sudan, idan aka yi wa ɗayansu haka sai ya tara gari da ihu har gaskiya ta fito kafin a kira Magariba. Sa'adu ya ce, "Allah ya sani." Ya ɗauki takalmansa ya fita. Shi a ganinsa ya amsa. Su a ganinsu ya amsa laifi.

Kashegari da hantsi samarin unguwa suka zo da ɗumi-ɗuminsu, suna ganin aikin lada suke yi. Babbar 'yarsa Asma'u, lokacin ba ta yi aure ba, tana leƙe daga cikin gida. Suka fito da akwatunan ƙofar zaure, suna cire murfi suna tuttulawa a kwata, waɗanda suka ƙi buɗuwa su rotse da dutse. Ta ce mahaifinta bai ɗaga murya ba. Abu ɗaya ya roƙa, ya nuna wata 'yar kwalba ya ce, "Ku bar mini wannan, uwarsu ce a ciki." Ɗayansu ya ce, "Ku ji fa, har uwa gare su!" Suka kwashe da dariya, ita ma ta bi sauran. Da suka tafi ya shiga ciki ya ɗauko cokalin shayi. Mutum mai furfura, malamin malamai, ya durƙusa a bakin kwata yana ɗibar laka yana kai wa ido, yana neman abin da bai kai ƙwayar gero ba, mai launin yashi, a cikin ruwan wanke-wanken unguwa. Asma'u ta ce har aka kira Azahar yana nan.

Ina jin labari na kamo hanya. Na sayi sifirit a kemis na kai wa liman na yi masa bayani. Ya gane, ya yi nadama, bayan salla ya ja hankalin mutane a kan mummunan zato. Amma magana zarar bunu ce. Nasiha ce ya yi a dunƙule, zargi kuwa da suna aka yi shi. Ni duk inda na buɗe baki sai a ce, "Wansa ne, me kuke so ya ce?" Baba Yohanna da kansa ya tako daga Kona ya tsaya a ƙofar masallaci da hularsa a hannu, ya ce, "Ni na sha burkutu tun ba a haife ku ba, na san idon mai sha. Malam ko ruwa na gidana sai ya leƙa kofi kafin ya sha." Aka yi dariya, aka ce abokin shansa ya zo ba da shaida. Tsohon ya koma gida yana hawaye. Wanda zai iya kashe wutar mutum ɗaya ne, wanda ya hura ta, shi kuwa yana zaune yana jan carbi. A ƙarshen shekarar aka ba shi shugabancin sashe, don ba a son wanda ake magana a kansa.

Sa'adu bai sake shiga gaban sahu ba har ya bar duniya. Ya mayar da sallarsa wani ƙaramin masallaci a unguwar Mayo Gwoi inda ba a san shi ba, yana hawa keke ya je ya dawo. Abin da ya fi ci mini rai, bai sake taka Kona ba. Na yi, na yi, na ce zan saya masa sababbin kwalabe mu ajiye a gidana, duk wanda ya isa ya zo ya taɓa. Ya ce, "Hamma, duk ranar da aka gan ni a hanyar Kona an ga shaida. Ina da 'ya'ya mata." Bokitin wankin ƙasa ya zama na wankin kaya. Bayan 'yan shekaru hawan jini ya kwantar da shi, Allah ya karɓi abinsa. Ban ce wani ne ya kashe shi ba, ajali ajali ne. Amma na san ranar da ƙanena ya daina dariya. A jana'izarsa Malam Wane yana sahun farko, har da sa kafaɗa a makara.

Sau da yawa nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Baba Yohanna ya rasu, gari ya bi gonar ya cinye, inda muka kafa raga yanzu bulo ne da siminti. Wannan zai ɓata masa rai, amma ba zai ba shi mamaki ba. Abin da zai hana shi zama shi ne inda ilimin ya kai. Tun rasuwarsa nake bin labarin tururuwarsa da Turanci da Faransanci, kamar mai bin labarin dangin matarsa. Yanzu akwai gwajin ƙwayar halitta, wanda ke nuna wane namiji ne na wace mace ko da ba a taɓa ganinsu tare ba. Da shi masana suka soma haɗa sunayen nan kashi biyu, wasu sunayen suka faɗi, wasu suka koma gida ɗaya. Da shi kuma aka gane cewa wannan dangi yana cikin rassa mafi tsufa a zuriyar tururuwa duka, wato 'yar makauniyar nan kakar kakanni ce a wajen cinnaka da kwarkwasa. Me gwajin yake bukata? Halitta da aka ajiye cikin sifirit mai ƙarfi. Amsar da ƙanena ya nema duk rayuwarsa tana cikin waɗancan kwalabe tana jiran zamani ya iso ta, aka zuba ta a kwata.

Akwai kuma abin da na gode wa Allah bai gani ba. A shekarar annobar nan da aka rufe gari, da aka buɗe masallatai sai ga robar man goge hannu a ƙofar da yawa daga cikinsu, har da wancan na Turaki. Abin da ke ciki shi ne abin da ke cikin kwalaben Sa'adu. Ina wucewa a keke na ga Malam Wane a ƙofa yana matsa shi a tafi, yana murzawa har tsakanin yatsu, ya shiga ya kabbara. Ba wanda ya yi wa liman tambaya.

To, wannan mutum shi ne ya yi mini sallama kwanakin baya da hantsi. Ya yi ritaya, ya rame, yana dogara sanda. Ya sami kujerar Makka bana, yana zagaya mutane neman gafara kamar yadda maniyyata ke yi. Na shimfiɗa masa tabarma, na sa aka kawo ruwa, don baƙo baƙo ne. Muka gaisa har gaisuwa ta ƙare. Ya ce, "Alhaji, tafiya ce ta taso. Na zo ne ka taya ni roƙon iyalin marigayi, in akwai wani abu da ya taɓa shiga tsakani, a yafe."

Na ce, "Wane abu?"

Ya ce, "Haba Alhaji, ai ka sani."

Na ce, "Ina Injamena lokacin. Gaya mini."

Ya dubi ruwan, ya dubi sandarsa, ya ce, "Zaman tare ne, ɗan Adam ajizi ne. Abin da ya wuce ya wuce."

Na ce, "Malam, wanda ya ɗauki akuyar mutum, akuyar yake mayarwa kafin ya nemi gafara, kuma a garken da ya kwance ta yake ɗaure ta. Sunan ƙanena ka ɗauka, a masallaci, bayan La'asar, a gaban jama'a. Can za ka mayar. Ka miƙe ka faɗi abin da ke cikin kwalaben, ka ce ka sani tun a ranar, ka faɗi abin da ya sa ka yi tambayar. Ranar da ka yi haka, ni zan riƙe maka jaka har bakin mota."

Ya ce, "Da furfurata za ka tozarta ni?"

Na ce, "Sa'adu ma da furfurarsa ya durƙusa a kwata."

Bai sha ruwan ba. Ya tashi ya tafi.

Na kira Asma'u, wadda yanzu uwar 'ya'ya ce, na gaya mata yadda muka yi. Ta ce, "Bappa, Baba ya yafe masa tun yana asibiti. Da kunnena na ji." Na ce na sani, halinsa ne, wanda ya ga uzuri ga tururuwar da ke shan jinin 'ya'yanta ba zai rasa wa mutum uzuri ba. Sai ta ce, "Watan jiya na je suna a unguwarmu ta da. Wata tsohuwa ta riƙe hannuna ta ce, 'Allah ya jiƙan babanki, mutumin kirki, Allah ya yafe masa abin da ya sha.' Da kyakkyawar niyya ta faɗa, Bappa. Mata cike da ɗaki, suka ce amin." Ta goge ido da gefen mayafi ta ce, "Baba ya yafe nasa. Namu fa?"

Abokaina sun yi mini nasiha, wasu a waya, wasu har gida. Sun ce dattijon da ƙafarsa ɗaya ke kabari bai kamata ya riƙe mutum ba, sun ce yafiya ta fi. Na ji, kuma ba yau na soma jin wa'azi ba. Da kwalabe ne kawai, da na yafe, ko da yake babu kasuwar da za a sayo irinsu. Da kujerar sashe ce, ya hau ya sauka, ba ta bi shi gida ba. Amma ba a yafe ciwon da ake kan yi. Duk ranar da wata tsohuwa ta roƙa wa ƙanena gafarar giyar da bai sha ba, Malam Wane ya sake yin tambayarsa a masallaci. Wannan rubutu nawa ba zai kai wa irin waccan tsohuwa ba, in ma ya kai za ta ce wansa ne. Daga bakin da ta ji, daga nan kawai za ta yarda. Gafarar da yake nema a zaurena, a ɓoye, mu biyu, ta sauƙaƙa masa tafiya ce, ba ta sauke wa Asma'u komai ba. Alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi, kuma ban ji an ce ana hana shi shiga jirgi ba.

Me ya rage na Sa'adu? Idan na auna, kaɗan ne a hannu. Babu tururuwar da ke ɗauke da sunansa, babu kwalba ko ɗaya, madubinsa yana cikin akwati a ɗakina. Akwai ɗalibansa da suka zama malamai, waɗanda idan sun gan ni sukan ce shi ya koya musu duba abu kafin su yi magana a kansa. Akwai 'ya'yan da ya rena ba su iya ƙarya ba. A ƙarƙashin ƙasar Kona kuma, inda siminti bai kai ba, na tabbata makafin nan suna nan suna farautarsu, ba su san an taɓa zuwa gaishe su ba. Sauran abin da ya bari shi ne suna, wanda shi kaɗai ne gadon malami, shi kuma yana hannun wani. Ubangijin da ya san abin da ke tafiya a cikin ƙasa ba ido, ya san abin da ƙanena ya sha da abin da bai sha ba. Ya haskaka masa kabarinsa, ya ba shi amsar da aka hana shi a nan.

Ni kuwa, ba a rama gayya da fushi. Tun ranar da aka zubar da kwalaben ban sake salla a masallacin nan ba, amma tun da Malam Wane ya bar zaurena na mayar da La'asar ɗina can. Nakan je da wuri in tsaya a sahun gaba, kafaɗata a jikin tasa, ta hagu. Ba na ce masa komai. Idan liman ya sallame, Malam Wane ya juya dama ya yi sallama, ya juyo hagu ya same ni ina kallonsa. Jiya na ga ya dafa gwiwa ya yunƙura kamar zai miƙe, sai ya gyara zama ya jawo carbi.

Tashin alhazai ya kusa. Idan ya miƙe kafin nan, alkawarin jaka yana nan, zan cika shi a gaban kowa. Idan bai miƙe ba, ya je da kayansa, ban rage masa ko ƙwayar gero ba. Ya dawo lafiya. Wurin nan na hagunsa nawa ne, har ranar da zai tashi ya yi magana, ko a ɗauki ɗayanmu.